Baba Ilyasu Mai Saiti Ya Sauke Bindiga

Da an sallame sallar asuba a Tsibiri, Baba Ilyasu zai kurɓi kununsa a tsaye, ya rataya tsohuwar jakarsa ta fata, ya fita bakin titi ya tsaida ɗan kabu-kabu zuwa Maraɗi. A da kekensa yake takawa, sai da gwiwa ta ce ta gaji sannan ya haƙura. Rumfarsa tana can bayan masu walda, jingine da katangar laka ta wani tsohon kango. In ya isa sai ya share ƙasa, ya shimfiɗa buhu, ya jera turnabis na kwance sukurori, manya da ƙanana, da ƴar kwalbar mai, da tsumma, da kwalayen da ya tsinto a kasuwa. Daga nan sai ya zauna jiran masu bindigar iska.

Ni dai halinmu na garin nan ya ishe ni. Mutum ya harbo kurciya biyu, sai ya cika unguwa da labari, ana ta ce masa maharbi, har da gyara zaman hula. Wa ya daidaita masa bindigar? Oho. Ba mai tambaya. Baba Ilyasu ya tsufa a gindin katangar nan, gashinsa ya yi fari a wurin, amma ban taɓa jin an kira sunansa a wani taro ba, ko na suna ne. Shi ya sa na ce bari in faɗi nawa tun yana da kunnen ji.

Ga wanda bai san ta ba, bindigar iska ba ta cin albarushi. Karya ta ake yi a tsakiya, a sa ɗan harsashin dalma da bai kai ƙwayar wake ba, a mayar, iska ta tura shi. Ƴan birni na riƙe ta don sha'awa, amma ga manoman ƙauyen Jiratawa kayan aiki ce kamar fartanya, don kurege da gafiya da tsuntsaye ba sa jin roƙo. A samanta ake ɗaura madubin hange, wanda muke ce wa lunet, mai layi biyu da suka gitta juna a ciki. Aikin Baba Ilyasu shi ne ya sa harsashi ya faɗa daidai inda layin nan suka haɗu. Abin da ake ce wa saiti ke nan, kuma daga nan ya samo sunansa.

Ba ya gaggawa, ko da kuwa kana tsaye kana ta kaɗa makullin mashin. Zai kafa kwali a jikin katanga, ya ɗiga baƙin tabo a tsakiya, ya ɗora bindiga a kan buhun yashi, ya harba sau uku yana auna wuri guda. Sai ya je ya duba inda hudojin suka taru, sannan ya murɗa maɓallin lunet kaɗan.

"Kada ka taɓa maɓallin ga don harbi guda," haka yake ce wa kowa. "Yi ukku ka ga inda suka taru. In kana bin kowane harsashi da murɗi, har magariba kana nan."

Na sha ganin an zo masa da lunet ƙato kamar taɓarya, an ɗaura wa ƴar bindigar da ba ta kai shi nauyi ba. Sai ya jujjuya shi a hannu, ya ce da mai shi ya je ya nemo madaidaici wanda zai jure girgizar bindiga, don bindigar karyawa tana da bugun da ke wargaza cikin lunet marar ƙwari. Harsashi kuma ya ce a tsaya kan gwangwani iri ɗaya, wanda aka yi saitin da shi. Wanda gindinsa ya lotse a zubar. Masu tara harsashi a baki don saurin ɗurawa kuwa, su ne ke shan faɗa. "Dalma ce hwa kake tsotsa! Alewa aka ce maka?" Ya faɗa yau, ya faɗa gobe, jibi ka sake ganin mutum da kumatu a cike. Wallahi ban san inda yake samo haƙurin ba.

Cikin masu gajiyar da shi, babu kamar Zakari, wani manomin alkama da zogale a Jiratawa, magidanci mai ƙoƙari amma mai saurin hawa. Za a daidaita masa bindiga lafiya lau, ya saɓa ta a baya, ya hau kabu-kabu, su bi hanyar nan mai ramuka, lunet na ta bugun ƙarfen mashin. Kafin su isa gona sukurori sun saki, saiti ya tafi. Washegari sai ga shi a rumfa, ido jawur.

"Baba, aikin ga bai yi ba! Na auna kurege, na hudo jarkar ruwana."

"Yaya ka ɗauke ta a mashin?"

"Yadda kowa ke ɗauka mana."

"To shi ya sa kowa ke dawowa."

Da dawowar ta yi yawa, sai Baba Ilyasu ya ga gara shi ya riƙa zuwa. Duk lokacin sanyi, in alkama ta fara fidda kai, sai ya rufe rumfa ranar da ya zaɓa, ya tafi Jiratawa da jakarsa, manoma su taru a bakin kanal, magudanar ban ruwa, ya daidaita wa kowa a inda zai yi harbin. Ba wanda ya sa shi. Abin da ya gani ne ya tsorata shi. Gonakin can a manne suke da juna, kana cikin alkamarka, can gaba kaɗan mata ne duƙe suna tsinkar zogale da goyo a baya. Harsashin da ya kuskure kurege ba tsayawa yake ba, gaba yake yi. Don haka kafin ya bar kowa ya ɗora yatsa a kan kunamar bindiga, sai ya yi masa tambayar da duk Jiratawa suka haddace: "Mi ke bayanshi?" In ba ka iya faɗin abin da ke bayan abin da ka auna ba, ba za ka harba a gabansa ba, ko kai wane ne.

Kai ne, Baba, ka koya wa mutanen da ke ganin nama kawai su riƙa ganin abin da ke bayan naman. Mai saiti, mai daidaita na wasu. Matan da ke tsinkar ganye ba su san ka ba, ba su san da kai suke komawa gida da idanunsu biyu ba.

To, idon shi kansa ne ya fara tafiya. Matarsa Zuliha ce ta fara lura. Ta ce sai ta ajiye masa buta a gefensa ya yi ta lalube yana tambayar inda take, in ya zo tsiyaya shayi rabi a ƙasa yake zuba. Ta matsa masa har suka je asibiti, aka ce hawan jinin ido ne, maganin ɗigawa zai rage masa gudu amma abin da ya tafi ya tafi. A hanyar dawowa ta ce masa, "Malam, ka huta hakanan." Ya ce, "In huta in yi mi? Wa za ya yi musu?" Ta san ba manoman kaɗai yake ji ba. Mutumin da bai san wani aiki ba sai wannan, in ya bar shi, me ya rage masa? Ya ci gaba da zuwa rumfa, yana matso da kwali kusa kaɗan-kaɗan, yana gaya wa kansa hasken rana ne ya yi yawa.

Ranar da abin ya ƙare, da hantsi ne, a Jiratawa, cikin sanyin bana. Manoma sun taru kamar kullum. Tudun ƙasar da aka saba jingina kwali a jikinsa ruwan damina ya zaftare shi, don haka Zakari ya kafa kwalin a kan wata ƴar kunyar gona, layukan zogale na bayanta. Bindigarsa ce ta farko. Baba Ilyasu ya durƙusa da ƙyar, ya ɗora ta a kan buhun yashi, ya kai ido ga lunet. Ya ga farin kwali dishi-dishi. Can bayansa, cikin koren ganye, ya ga wani abu baƙi-baƙi a dunƙule. Ya lumshe ido ya buɗe, ya goge da hannun riga, ya sake dubawa. Abin yana nan, kuma ya kasa cewa ga abin da yake.

"Mi ke bayanshi?" ya tambaya, a hankali. Wannan karon ba jarraba kowa yake ba.

"Buhu ne, Baba," in ji Zakari. "Harba mu tahi, rana na yi."

Yatsansa yana kan kunama. Zakari ya ce buhu ne, kuma Zakari ba maƙaryaci ba ne. Da ya danna, da ba wanda zai san komai, da ya gama aikinsa ya koma rumfa gobe, da baɗi ma ya dawo. Ya daɗe a haka har mutane suka fara kallon juna. Sannan ya janye yatsa, ya ɗago kai, ya kwantar da bindigar a kan yashi.

Zakari ya yi tsaki, ya taka har can, ya ɗago abin sama yana dariya. Buhu ne kuwa, cike da ganyen zogale.

"Ka gani, Baba? Buhu!"

"Kai ka gani," in ji Baba Ilyasu. "Ni ban gani ba."

Bai rufe baki ba sai ga wata mata ta miƙe daga cikin layin zogalen, dab da inda buhun yake, da jariri a bayanta. Balkisu ce, maƙwabciyar gonar Zakari. Ta ce, "Kai Zakari, lahiya kake ɗaukar mini buhu?" Duk tsawon lokacin nan tana duƙe a wurin tana tsinka, ganye ya rufe ta. Dariyar Zakari ta tsaya. Ya ajiye buhun, ya dawo yana kallon ƙasa.

Baba Ilyasu bai yi masa faɗa ba. Gajiya ce kawai a fuskarsa. Ya sa aka ɗauke kwalin aka kai shi jikin bangon ɗakin famfo, inda ba komai a baya sai bulo. Ya miƙa wa Zakari bindigar ya ce, "Durƙusa. Yau kai za ka yi. Ni na gama harbi."

Abin da ya biyo baya, duk wanda ya gani bai manta ba. Zakari ya harba uku, ya karya bindigar ya ajiye, tsoho ya dogara sanda ya taka har wurin kwali, ya shafa da yatsa yana laluben hudoji. Ya dawo ya ce, "Sun taru ƙasa, ta hagu. Murɗa na sama kaɗan. A'a, ka yi yawa, maido." A sake harbawa, ya sake takawa. Zakari ya ce, "Baba, zauna in ɗauko maka kwalin." Ya ce, "Bar shi inda yake, in ka motsa shi mun ɓata aikin." Haka ya yi ta kai da kawowa a cikin rana da gwiwar nan tasa, bindiga bayan bindiga, duk Zakari ke harbawa, har aka kira azahar. Da za su rabu, tsoho ya zaro turnabis biyu daga jaka ya danƙa masa. Zakarin nan mai baki, ranar hawaye ya yi a gaban mutane.

Rumfar bayan masu walda yanzu wani mai sayar da esansi, wato fetur, a kwalabe ne a ciki. Katangar na nan da dubban ƴan ramukanta, masu wucewa na zaton zanzaro ne ya yi su. Ba a yi taro ba, ba a yi jawabi ba, ba wanda ya kai masa ko turmin yadi. Haka muke, kuma na gaji da faɗa. Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne, a Jiratawa yanzu wurin Zakari ake kai bindiga, kuma an ce ya fi tsohon tsanani. Ka ɗora yatsa a kunama ba ka duba ba, sai ka ji tsawa daga bayanka: "Mi ke bayanshi?"

Baba Ilyasu, mun gode. Kai ne ka kafa wa mutane doka, da ta zo kanka ba ka nemi a sassauta maka ba. Ka sauke bindiga alhali ba wanda ya kama ka da laifi, ka san kuma abin da za ka koma ka tarar a gida, zama ne kawai. Allah ya saka maka, ya tsaida ciwon nan inda ya tsaya, ya ba Zuliha ladan ɗawainiya. Masu riƙe da bindiga, da ma masu riƙe da sitiyari da allura da duk wani abin da zai iya cutar da wanda bai ji ba bai gani ba, ku dubi tsohon nan. Ranar da kuka ga ido ko hannu ya fara yi muku gardama, ku yi abin da ya yi, ku kuma koya wa wani kafin ku tashi.

Yana nan Tsibiri. Zuliha ta ce har yanzu da asuba sai ya rataya jakar nan, ya fito ƙofar gida ya zauna a kan tabarma yana sauraron mashina na wucewa Maraɗi. In kun taɓa kai masa bindiga, don Allah ku je ku gaishe shi, ba nisa. Ku yi sallama da ƙarfi, ku faɗi sunanku, don fuska ba ya gane ta yanzu. Da na je na faɗi nawa, sai ya juyo da kai wajen muryata, ya yi ɗan murmushi, ya ce, "Kai ne mai bindigar nan da ke ja dama. Ka ɗaure sukurorin ga kuwa?"