Taga Ɗaya Ta Rage

Jama'a, abin da zan ba ku ba a bakin wani na ji shi ba, ni ɗin nan ya faru da ni, kuma wallahi da ana iya goge abu daga ƙwaƙwalwa da na fi kowa murna. Shekarun baya ne, lokacin ina aikin allurar dabbobi a Dakoro, muna fita daji da motar sarbis, ta ma'aikatarmu, mu bi rijiyoyin da makiyaya ke shayarwa, mu yi wa shanu da raƙuma allura, wani zubin mu yi kwana huɗu ko biyar ba mu ga gida ba.

Amma sai na fara faɗa muku cutata, don in ba ku san ta ba ba za ku gane wautar da na tafka ba. Ni mayen jirgin sama ne. A Maraɗi na tashi, gidanmu ba nisa da filin jirgi, tun ina ɗan lakwal, wato makarantar boko, da an tashe mu sai in ruga in manne da wayar shinge ina jira. Kai, jiragen wancan zamani! Masu farfela, jiki yana sheƙi kamar sabon kwanon sha, kowane da muryarsa, tun kafin ya ɓullo ka san wane ne ke tafe. Ina da kaye, ɗan littafin rubutu, da nake rubutawa a ciki, rana da lokaci da inda ya fito da inda ya nufa da haruffan da ke ƙarƙashin fiffike. Na girma, na yi aure, na fara furfura, kayen nan bai bar aljihuna ba, in ya cika in sayi wani. Matata ta ce ko a wurin jana'iza aka ji jirgi sai na ɗaga kai, kuma ba ƙarya ta yi mini ba.

A Dakoro kuwa ba abin da ke sauka. Sai dai can ƙololuwar sama ka hangi ɗan farin zare yana tafiya, na zamanin nan, duk kamarsu ɗaya, ba murya ba kwarjini. Abin da ya rage mini zafi shi ne direbanmu, wani dattijo Baba Sanda. Ashe shi da ƙuruciyarsa a filin jirgin Maraɗi ya yi aiki, shi ke tura matakala zuwa ƙofar jirgi yana loda kaya. Ranar da ya ga kayena sai da ya taka birki a tsakiyar hanya. Daga nan muka ƙulle, ina ce masa Baba yana ce mini Likita, in mun kama hirar tsofaffin jirage har shayinmu ya huce ba mu sani ba. Yana kwaikwayon muryar injin da baki, in yi ta dariya ina ce masa wannan ai kukan tsohon jaki ne. Abu ɗaya ne in ya faɗa dariyar ke ɗaukewa: "Likita, shekara nawa ina tura ma mutane matakala, wallahi ko sau guda ban taka ta ba."

To wata bazara muka je wata rijiya arewa da Dakoro, can bayan an wuce wajen Korahane an nausa daji. Ba zan faɗi sunanta ba, don na san halin wasu, sai su ce za su je su gani. Rijiya ce mai zurfi, bijimi ke jan wasaki, dabbobi kuwa sai ka rantse duk na ƙasar ne suka taru. Shugaban makiyayan, wani Arɗo dogo mai ƙarancin magana, ya tarbe mu da nono, muna shirya allurai ya matso ya ce, "Likita, ku yi ku ƙare tun da hantsi. In ko rana ta take tsaka kuna nan, kunka ji ƙugi bisa, ku zamna bisa hannuwanku. Kak ku ɗaga hannu ko da ƙuda za ku kora."

Na ce to, amma a raina dariya nake. Na ɗauka irin tsoron hadari ne na mutanen daji.

Aiki ya ja mu, shanu sun yi yawa, rana ta zo tsakiyar kai inuwar kowa ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. Ina riƙe da allura sai na ji shi. Tun daga nesa, ƙasa-ƙasa, irin ƙugin nan da ke fara shiga ƙirji kafin kunne ya ji. Tsigar jikina ta tashi, amma don murna, don na san muryar nan, farfela huɗu ce, rabon da in ji ta tun ina yaro a bakin waya. Na waiga, Baba Sanda ya saki igiyar da ke hannunsa, baki buɗe. Makiyaya kuwa, maza da mata, duk suka zube ƙasa a inda suke, kowa ya cusa tafukansa ƙarƙashin cinya ya sunkuyar da kai, mai jan bijimi ma ya saki igiya, wasaki ya koma cikin rijiya. Shanun nan da ke ta turereniya suka yi tsit suka juya wa gabas baya.

Sai ga shi ya taso daga gabas, ƙasa sosai, da kaɗan ya fi tsayin itacen gawo. La'ilaha illallahu. Shi ne, sak, cikinsa yana walƙiya, har warin tsohon mai da na sani a filin Maraɗi sai da ya bugi hancina. Ni kuwa maimakon in zauna, hannuna ya riga hankalina, na zaro kaye da bik ɗin rubutu, na ɗaga hannun dama na yi wa idona inuwa don in karanta haruffan fiffike.

A nan ne na fara lura da abubuwan da ba su yi daidai ba. Farfelun suna juyawa a hankali, har kana iya ƙirga su, yadda ko kaza ba za su ɗaga ba. Jirgi kamar wannan, a wannan kusanci, ko ganye ɗaya bai motsa ba. Na duba ƙasa, rana tsaka, ba shi da inuwa. Sannan tagogin. Kowace taga da fuska a manne, maza da jar dara, mata da irin ɗaurin kallabin da iyayenmu suka daina tun tuni, duk sun zuba mana ido, ba mai ƙiftawa, ba mai murmushi. Ni da na saba ƙirga, idona ya bi su har wutsiya. Biyun ƙarshe ba kowa.

Sai na ji ihu a gefena. Baba Sanda ne, ya cire hula yana kaɗa ta da hannu biyu, yana tsalle kamar ɗan shekara bakwai, hawaye na zuba, yana cewa, "Ga ni nan! Ni na, Sanda mai matakala! Ku tahi da ni!" Arɗo yana daga zaune yana kiran, "Kak ka yi, tsoho! Kak ka yi!" amma ina. Jirgin nan ya karkata fiffike sau ɗaya, kamar mai amsa gaisuwa, ya wuce yamma, kuma ba nisa ya yi ya ɓace ba, a'a, ƙugin ne ya yanke ɗif kamar an kashe rediyo, muka duba sama wayam.

An daɗe ba wanda ya tashi. Da Arɗo ya miƙe bai kalli Baba Sanda ba, ni ya nufo, ya ce, "Kai hwa? Na ga hannunka bisa."

Na ce inuwa na yi wa idona kawai, ban kaɗa ba.

Ya ce, "Allah shi sa haka sunka gani."

Na tambaye shi mene ne wannan, su wane ne a ciki. Ya ce ba su sani ba, kuma ba sa son sani, su dai sun tashi sun iske ana zama bisa hannu. Abin da ya ƙara shi ne ya fi tsaya mini a rai: wai yana yaro, kusan rabin tagogin ba kowa. Na buɗe kayena in ga abin da na rubuta, ga shaidar kan bik ta dinga shiga takarda, amma ba tawada ko ɗigo, alhali da bik ɗin nan na yi ta rubuta sunayen garke tun safe.

A hanyar komawa ni sai waigen sama nake, Baba Sanda kuwa fuskarsa fes, har waƙe-waƙe yake a kan sitiyari. Na ce, "Baba, ka ga abin da na gani kuwa? Ba shi da inuwa fa." Ya ce, "Likita, sun gane ni. Ka ga yadda yak karkata? Sun gane ni." Na ji haushinsa, na ji tausayinsa, na rasa wanda zan nuna.

Kwana uku da dawowarmu Dakoro ya je ya yi aski, ya sa aka wanke masa babbar rigarsa ta salla, ya bi maƙwabta yana neman gafara suna yi masa ba'a wai ko Makka za shi. Lafiyarsa lau, ko ciwon kai babu. Rana ta huɗu, wajen azahar, aka aiko a kira ni. Na iske shi zaune a kan dakalin ƙofar gidansa, da takalmi a ƙafa, ƴar jakarsa a kan cinya, kai a ɗage yana kallon sama, rai ya riga ya fita. Matarsa ta ce ya leƙo ya ce mata, "Kin ji su? Sun iso," ita kuwa ba ta ji komai ba. Na yi kuka ranar nan, kukan rashin aboki, amma ba zan ɓoye muku ba, rabinsa kukan tsoron kaina ne, don na tuna tagogi biyu na ƙirga.

Da bazara ta zagayo na yi duk dabarar da zan yi kada a tura ni rijiyar nan, shugabanmu ya ce ni na san wurin, ni zan je. Na ƙudura zan gama tun da hantsi, sai motar ta kafe a rairayi, ba mu isa ba sai da rana ta ɗaga. Ko garke biyu ban gama ba na ji shi. Wannan karon ba wanda ya riga ni zama, na danne hannuwana da cinya har suka mutu, na runtse ido ina karanta duk abin da ya zo bakina. Amma cuta cuta ce. Da ƙugin ya zo saitin kaina sai idona ya buɗe.

Baba Sanda yana taga ta biyun ƙarshe. Da babbar rigarsa, da hularsa da na sani, ga askin nan sabo kamar jiya aka yi. Duk cikinsu shi kaɗai ke motsi. Ya dube ni, ya nuna mini tagar da ke bayansa da yatsa, ya yafito ni, irin yadda yake yi in ya haɗa shayi yana kirana. Wallahi tallahi, jama'a, hannuna na dama ya fara zarewa daga ƙarƙashina ba da yardata ba, ina danne shi yana fitowa, ina kuka ina cewa a'a, kuma can cikin raina akwai wani abu da ke son in tafi, wannan ne ya fi ba ni tsoro. Arɗo ne ya rarrafo ya faɗo a kaina, ya kwanta a kan hannun da dukan nauyinsa yana salati a kunnena. Jirgin ya zagaya rijiyar nan sau uku kafin ƙugin ya yanke.

Da muka dawo hayyacinmu Arɗo yana haki ya ce, "Likita, tun da nike bai taɓa zagayawa ba. Kak ka sake zowa nan."

Ban sake ba. Na nemi canjin wurin aiki, na kulle kayena duka a akwati, yanzu na yi ritaya ina zaune a Maraɗi. Ɗana ya sa mini wani abu a salula da ke nuna kowane jirgi da ke wucewa a sama, da sunansa da inda za shi, don ya san abin da nake so, ni kuwa ba don sha'awa nake dubawa ba. Bazarar da ta wuce ina alwalar azahar a tsakar gida na ji ƙugin nan, nesa-nesa, daga wajen arewa. Na saki buta na zauna a kan hannuwana cikin ruwa, na ce wa matata ta duba salular. Ta ce sama ba komai, kuma ita ba ta jin komai. Bai matso ba ranar. Amma da can a rijiya kaɗai nake jinsa.

Bana ƴaƴana sun haɗu sun samar mini kujerar Makka, suna ta murna wai Baba mai son jirgi zai hau jirgi. Ban iya faɗa musu ba. Zan je in Allah ya yarda, don ba a ƙin wannan kira, na dai roƙe su abu ɗaya, kada a zaunar da ni kusa da taga, suka yi ta dariya.

Ni dai har yau ban sani ba ko inuwar da na yi wa idona sun ɗauke ta a gaisuwa. Shawarata gare ku, in mutanen wuri suka ce a zauna, ku zauna, tambaya ta biyo baya. In kuma kuka ji tsohon ƙugi da rana tsaka, yaranku suka ruga waje za su ɗaga hannu kamar yadda muka yi muna yara, ku riƙe su tukuna, ku duba ƙasa ku ga ko yana da inuwa. Taga ɗaya ce ta rage, kuma ban sani ba ko tawa ce ko ta wanda ya riga ni ɗaga hannu.