Ajin Jar Ƙasa a Bayan Gidanmu

Na daɗe ina koyarwa a firamare a Zurmi, shi ya sa da na yi ritaya zaman gida ya gagare ni. Sai na tara matan unguwa a bayan gidanmu, ƙarƙashin wata rumfar kwano, ina koya musu karatu da rubutu da ɗan lissafi. Da farko ba mu da yawa. Amma da rashin zaman lafiya ya taso mutane daga ƙauyukan wajen Birnin Tsaba, matan da suka sauka wurin dangi a cikin gari su ma suka fara zuwa, wasu don karatun, wasu don kawai su sami inda za su zauna cikin mutane. Rumfar ta yi mana kaɗan. Da bazara kuwa, tun kafin azahar kwanon ya ɗau zafi, mata na fifita da littattafansu, jarirai na kuka, karatu ya watse.

A lokacin ɗiyata ta fari tana kwaleji a Kaura Namoda, tana karatun zanen gine-gine. Sa'ad da ta zaɓi wannan karatu dangi sun yi ta magana, wai ina mace ina hawa tsani. Mahaifinta, Allah ya jiƙansa, bai tanka wa kowa ba, ya dai kai ta da kansa ya dawo. Bai ga ƙarshen karatun ba.

Wani hutu ta zo gida da aikin makaranta. Malaminsu ya ce kowane ɗalibi ya nemo gine-ginen zamani da aka yi a wasu wurare, ya yi nazarinsu, kafin ya zana nasa. Bayan la'asar ta shimfiɗa tabarma kusa da ni ina tsince shinkafa, ta riƙa nuna mini hotuna a waya. Na ga dogayen benaye na gilashi suna walƙiya, na ce ai ga abin da ake nema nan, ta kai wa malam waɗannan.

Ta yi dariya ta ce, "Inna, rabin ajinmu su za su kai. Malam ya ce kada mu kawo abin da ya burge ido kawai, mu kawo wanda za mu iya faɗin dalilin kowane bango nasa."

Sai ta buɗe wasu hotunan. Wata makaranta ce a wani ƙauye na wata ƙasa da ke yamma da mu, da kuma wani ɗakin karatu a cikin Nijar. Ƙasar wurin irin tamu, rana irin tamu, har akuyoyin da suka shiga hoton ba su da bambanci da namu. Bangon ja ne, na bulon ƙasa, layinsa a miƙe kamar an ja da zare. Kwanon rufin bai zauna a kan bango ba, an ɗaga shi sama a kan ƙarafa, ana hango sararin sama ta tsakani.

Na ce, "Wannan ba a gama shi ba ne?"

Ta ce an gama. Ta ɗauko faifan da nake tsintar shinkafa ta kifa shi a kan ƙwarya, sannan ta ɗan ɗaga shi da yatsu. Ta ce iska mai zafi sama take yi; in ta sami hanya sai ta fice, mai sanyi ta shigo ta tagogi ta maye gurbinta. Bangon ƙasa mai kauri kuma ba ya saurin ɗaukar zafi, kamar dai soron kakanta na Moriki, wanda muke gudu mu shige in rana ta take. Ni kuma malanta ta motsa mini, na shiga yi mata tambayoyi. Ina allo yake? Ta ina haske ke shigowa, ta gaban yara ko ta gefensu? In malama ta tsaya a nan, na baya suna jin ta? Wasu ta amsa, wasu ta ce sai ta koma ta duba. Na lura ba ta ji haushi ba, sai ma ƙara matsowa da ta yi.

Da ta koma makaranta, ashe rumfata ta ɗauka ta zama aikinta na kammala karatu. Ba ta gaya mini ba sai da ta dawo da wani ɗan ɗaki na kwali a cikin kwalin taliya, da tagoginsa da rufinsa, har da ƴan mata na takarda zaune a ciki. Na ajiye shi a kan kabet, duk wadda ta shigo sai ta tambaya. A tunanina nan abin zai tsaya.

Farkon daminar shekarar aka yi wata iska da ta kwashe rumfar gaba ɗaya, ta jefa kwanon a gonar maƙwabta. Allah ya tsare ba ranar karatu ba ce. Muka koma gindin darbejiya, in hadari ya taso mu tashi. A nan ne ɗiyar tawa ta ce, tunda dole a sake gini, me zai hana a gina nata.

Wanda zan nema ya yi aikin shi ne ƙanen mahaifinta, birkila ne da aka sani a garin, rabin shagunan bakin tasha shi ya ɗora musu bulo. Ta kai masa zanen da ɗakin kwalin, ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa bayani. Ya saurara har ta gama, sannan ya juyo wurina.

"Yaya, mi nika ji haka? An kai yarinya boko don ta hisshe mu daga laka, ta dawo ta ce mu koma laka?"

Ta ce, "Baffa, ba tubali ba ne irin na da. Jar ƙasa ce da ɗan siminti kaɗan, inji ke matse ta."

"Ƙasa dai ƙasa ta," in ji shi. "Ruwa guda za ya sha ta."

Ba shi kaɗai ba ne. Cikin ɗalibaina akwai wata dattijuwa da ta baro ƙauyensu da jikokinta, mace mai yawan shiru. Ita ce ta ce mini a gefe, "Malama, ɗakin ƙasa muka baro yana ci da wuta. Ni na ɗauka a birni an wuce nan." Na gaya wa ɗiyata yadda ta faɗa.

Bayan ƴan kwanaki ta je Kaura ta dawo da bulo biyu da suka buga a makaranta. Ta tura aka kira baffanta, ta sa ɗaya a bokitin ruwa a gabansa da gaban matan ajin, ta ce a bar shi har gobe. Kashegari ya zo da hantsi, ya tsoma hannu ya ciro shi, ya kankare shi da farce, ya buga shi da cokalin gini. Bulo na nan yadda yake. Ya jefa shi ƙasa da ƙarfi, kusurwa ɗaya ta ɗan ɓantare. Ya daɗe yana juya shi a hannu.

Daga ƙarshe ya ce, "Bango na yarda. Amma rufin ga naki, iskar da ta ɗauke na Yaya za ta shiga ƙarƙashinai ta tahi da shi Nijar, inda kika gano shi."

Matan suka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce maganarsa gaskiya ce, abin ya daɗe yana damunta. Suka zauna a dakalin zaure, shi yana zana mata a ƙasa da tsinke yadda iskar gabas ke dukan gidajen unguwar, ita tana nuna masa yadda masu waccan makarantar suka ɗaure nasu ƙarafan. Ta kai wa malaminta, suka sake lissafi, aka tsaya a kan za a zuba linta ta kankare a zagaye saman bangon, a dasa ƙarafan rufin a cikinta.

Bayan kaka aka fara. Malamin nata ya taimaka aka aro injin matse bulon, wani abu mai dogon hannu da mutum ke dannawa. Tsofaffin ɗalibaina na firamare, waɗanda yanzu wani direban tifa ne, wani mai walda, wani mai sayar da kwano a kasuwa, kowa ya kawo abin da yake iyawa. Mata suka ɗauki tankaɗen ƙasa da ban ruwa. Dattijuwar nan ta fi kowa sammako. Ita ta riƙa lulluɓe sabon bulo da buhuna don kada rana ta busar da shi da wuri, kuma ba ta yarda kowa ya taka wajen ba.

Ni ina daga ƙofar baya ina kallo. Sai in ga yarinyar da na goya, da hijabinta da hular kwano a sama, tana miƙa igiyar awo, manyan maza na jiran ta ce e ko a'a. Wata rana ta sa aka rushe layi biyu na bulo don sun karkace, baffanta da kansa ya rushe, yana mita yana rushewa. Ƴar fari ce, ba a yaba ta a gaban mutane, ko sunanta ba na kamawa. In maƙwabta suka ce, "Malama, kin ga aikin ɗiyarki kuwa?" sai in ce yara ne ke ta wasansu da ƙasa. In na shiga ɗaki kuma in rasa inda zan sa kaina don daɗi.

Muka shiga ajin a tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare ke neman inuwa. Ranar farko ba mu yi wani karatun kirki ba. Mata suka zauna suna ɗaga kai suna kallon rufi, suna shafa bango. Jariran da suka saba kuka duk suka yi barci. Dattijuwar ta jingina bayanta da bangon ta rufe ido, can ta ce, "Ƙamshin ɗakina."

Hadarin farko ya same mu a ciki, bayan la'asar. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso da ƙarfinta, muna jin kwanon gidajen maƙwabta na ƙara. Na hango baffan yara tsaye a zaure, ya bar aikinsa ya zo, idonsa a kan rufin. Rufi bai motsa ba. Sai dai feshin ruwa ya shigo ta sararin da ke gabas ya jiƙa tabarmi da littattafan masu zama a wannan gefen. Na kira ɗiyata a waya na gaya mata duka biyun. Ta yi hamdala a kan na farko, a kan na biyun kuma ta yi ta tambaya, daga ina zuwa ina ruwan ya kai. Ƙarshen mako ta zo, aka ƙara tsawon kwanon ta gabas, matan kuma suka saƙa asabari aka rataya a wurin, a sauke in hadari ya taso, a naɗe in ya wuce.

Shekarar da ta biyo baya, ɗiyata ta riga ta gama makaranta tana aiki, malaminta ya aiko cewa yana so ya kawo sababbin ɗalibai su ga ajin. Suka zo da safe a motar makaranta, don su koma da rana tsaka saboda halin hanya. Na dama musu fura. Malamin ya tara su a tsakiyar ajin ya ce, "Kullum ina tura ku ku nemo misali a ƙasashen wasu. Yau ga wanda za ku taɓa da hannu. Wadda ta zana shi a kujerunku ta zauna. Ku duba abin da ta ɗauko daga wasu, da abin da ta sauya, da inda ruwa ya ba ta kunya ta gyara."

Suka bazu suna awo, suna zane, suna ɗaukar hoto. Baffan yara ya sa sabuwar riga ya zo, yana bayanin linta kamar shi ya ƙirƙiro ta, yana cewa "ni da ɗiyata" a kowace jimla. Wata ɗaliba ta tambaye ni ko ni ce mahaifiyarta, na ce ƴar gidan nan ce dai. Akwai wani ɗalibi ɗan Shinkafi da bai damu da hoto ba. Shi wurin matan ya zauna daga nesa cikin ladabi, yana tambayarsu wane gefe suka fi son zama da safe, wane gefe da yamma, me za su so a ce an ƙara. Suka ce masa wurin shimfiɗe jarirai.

Bayan ƴan shekaru, aka yi haihuwa a danginmu na Shinkafi, muka je suna ni da ɗiyata. Da aka ci abinci ta ce in zo in raka ta wani wuri. Ta kai ni wani ƙaramin asibitin unguwa, inda aka yi sabon ɗakin jira na masu awo da rigakafi. Tun daga nesa na gane jan bangon da ɗagaggen rufin. Amma wannan zagayayye ne ta gefe ɗaya, an jera bulon da ƴan ramuka iska na ratsawa, ga kuma wani faffaɗan dakali a ƙurya an shimfiɗe jarirai a kai. Ɗalibin nan ne ya zana shi. Ta zagaya shi ciki da waje, ta dawo ta ce mini, "Inna, nasa ya fi nawa," tana faɗa tana murmushi.

Ta tafi neman ma'aikatan wurin don ta yi musu tambayoyi, ni kuma na sami gefen benci na zauna cikin mata. Wadda ke kusa da ni ta gyara goyonta, ta ga ina kallon sama, ta gane baƙuwa ce. Ta ce da a rana suke jira, yanzu kuwa har ba a son a kira mutum da wuri. Ta ce wani yaro ne ɗan garin ya zana shi, ɗan unguwarsu ma.

Na ce Allah ya yi masa albarka, shi da duk waɗanda ya koya a wurinsu. Ta ce amin, ta miƙo mini jaririn in riƙe mata, don an kira layinsu za ta je karɓar kati.