Ya Inno da Mijinta na Polan

Ya Inno, maƙwabciyata a unguwar Fezzan, turaren wuta take haɗawa tun gemuna yana baƙi. Duk amaryar da aka kai ɗaki a layinmu, ƙamshin hannun Inno ne yake riga ta shiga. Wai wannan matar ce take hawa keke napep zuwa unguwar Gomari, da ciwon gwiwarta, don koyon yaren Polan. In na tuna, raina ɓaci yake yi.

Ɗanta Garzali ne ya jawo. Ya tafi karatu can, ya yi aure, ya haifi ɗa, ya sa masa sunan marigayi mahaifinsa. Sunan kaɗai ya ba shi. Ba Kanuri, ba Hausa, ko "wushe" ta gaisuwa yaron bai sani ba. In an kira ta a bidiyo, sai ta yi ta kallon jikanta kamar kifi a ruwa, baki na motsi, ba ta jin komai.

Jika kuwa mijin wasan kakarsa ne. Ta tsokane shi, ya rama. Abin da take nema ke nan, ba ƙari.

Malaminta Likita Pindar ne, tsohon likitan dabbobi da ya yi karatu a Polan yana saurayi. Ya ce a fara da gaisuwa.

"Likita, gaisuwa ta baƙo ce," in ji ta. "Koya min 'mummuna'. Koya min 'marowaci'."

"Ya Inno, can ba a wannan wasan fa."

"Can ba su da kakanni ne? Daga ƙasa suke tsirowa?"

Ya koya mata. Na riƙa jin ta ta bayan katanga tana juya itacen turare a wuta, tana maimaita kalmomin, suna fita kamar an yayyafa ruwa a garwashi.

Ranar da aka kira, ta gyara lafayarta, ta dubi yaron, ta ce masa da yarensu: "Mummunan miji, marowaci, na fasa aurenka!"

Yaron ya fashe da kuka. Uwarsa ta ɗauke shi. Garzali ya ce, "Inna, kin firgita shi. Matata ta ce a dakata da kiran."

Ba ta taɓa kama sunan ɗanta na fari ba, ranar ma ba ta kama ba. "Kai wannan! Ni da tsufana na karya harshena na koyi nasu. Kai ka kasa buɗe baki ka gaya wa ɗanka mece ce kaka?"

Ba ta roƙe shi komai ba. Gomari ta koma wurin Likita, ta koyo magana guda, ta sa aka haɗa ta da surukarta, ta faɗa mata da bakinta: a wurinmu, wanda ake so shi ake tsokana.

Da aka sake kira, yaron ya leƙo, ya jefo wata magana, ya ruga.

Garzali ya fara, "Cewa ya yi..."

"Rufe min baki, na ji! Tsohuwa mara haƙori ya ce!"

Dariyarta ta tsallako katangata, ta riga ƙamshin isowa. Ita ta huce. Ni har yau ban yafe wa Garzali ba.