Ranar da Na Goya Rediyo

Ƙawayena, yau na yi goyo ban haihu ba!

Makarantar da Malam ke koyarwa ta yi hutu, ya ce mu je Gubuchi mu zaga rafi da gonaki. Tun jiya na haɗa guzuri: dambun nama, dakuwa, buta da darduma. Da hantsi na fito, sai ga sabon rediyonsa ɗaure a kariyar keke, wurin zamana! Har an naɗe shi da zanena na Salla.

Na ce, "Malam, ni fa?"

Ya ce, "Hansatu, ke kina da ƙafa, shi babu."

Innalillahi! Na kwance shi, na goya, na haye kariya.

Muna sauka wata tsohuwa ta tare ni: "Barka, 'yar nan! Allah ya raya!" Ta shafa goyon, hannunta ya murɗa wani abu. Sai jariri ya hau karanta labaran duniya! Ta yar da ƙwaryarta tana salati.

Malam ya rugo. Bayana duk ya yi tsami, na ɗauka ni zai yi wa sannu. Sai ya ɗaga zanen ya ce, "Bai dai sha rana ba ko?"