Gam a Cikin Sirinji

A bakin mai kemis wata yarinya ta fara jin sunan. "Ga Mai Allura can," in ji shi, yana taɓe baki. "Kullum sirinji yake saya, ba magani."

Yau ta gan shi da kyau, zaune a barandar wani rufaffen shago. Dattijo ne ramamme, tabaransa ɗaure da zare. A cinyarsa akwai fiffiken ƙaramin jirgin sama mai tashi da rimot. Cikinsa farin soso ne mai tauri, an lulluɓe shi da siririn katako, katakon kuwa ya fara ɗagowa. Ba dubawa yake ba, shafawa yake. Inda ya ji kumburi sai ya soka allurar, ya tura gam, ya danne da ƙullin yashi. Sau biyu yana soke yatsansa. Haka kakanta ya riƙa lalube kafin idanunsa su tafi.

Dattijon ya ji motsinta, ya ɗago, ya kalli gefenta.

"'Yata, ran da zan tashi jirgin nan, ki zo ki tsaya kusa da ni. Ki riƙa gaya mini inda ya kai."