Hoton da Baffa Hammadu Ya Kasa Ɗauka

Har gobe ban manta da Asabar ɗin da Baffa Hammadu ya kawo mini hotonsa na ƙarshe ba. Na yi shekaru ina ɗaukar hoto a sashen watsa labarai na gwamnati, na kai matsayin babban mai ɗaukar hoto, sannan na yi ritaya na buɗe ɗan shago a Dawaki, nan cikin Gombe. Hotunan da na duba na yi wa gyara ba su da iyaka, amma wannan ne kaɗai ya sa na yi tunanin rufe shagon in koma gida. Ku da kuke koyon aikin nan ku saurara, don wata rana za a kawo muku irinsa.

Bayan na buɗe shagon sai na lura kowa ya zama mai hoto, tunda kowa na da waya a aljihu. Haushi ya ishe ni da ganin kawunan da aka yanke da fuskokin da rana ta ƙone, sai na fara zaman duba hotuna duk Asabar bayan la'asar. Ga yadda muke yi. Kowa ya turo hoto ɗaya, in wanke shi a takarda, a jera su a kan tebur. Wanda zai yi magana dole ya fara da abin da ya yi kyau, sannan ya faɗi gyara ɗaya tak. Mai hoton ba ya kare kansa, saurare kawai zai yi. Wannan dokar ta ƙarshe ita ta fi wuya, don yaran yanzu sun yarda ka kushe babur ɗinsu amma ban da hoton faɗuwar rana da suka ɗauka.

Baffa Hammadu ya shigo mana a farkon damina. Dattijo ne Bafulatani, tsohon malamin dabbobi, gidansa a Bagadaza, ya girme ni nesa ba kusa ba. Abin da ya kawo shi ban sani ba sai daga baya, amma bari in faɗa muku tun yanzu. Ɗansa na fari, Usmanu, yana fama da ciwon ƙoda, ana kai shi asibiti wankin ƙoda, kuma likitoci sun daina yi wa iyalin alkawari. Bayan ya kwanta aka haifa masa 'ya, Ummi. Tun da jikinsa ya fara kumbura ya hana matarsa da ƙannensa ɗaukarsa hoto, saboda haka babu hoton uban da 'yar tare ko ɗaya. Shi Baffa yake nema, guda ɗaya, wanda fuskar Usmanu ta fito, don yarinyar ta taso da shi.

Hoton da ya fara kawowa na akuya ne a tsakar gida. Akuyar ta fito tas, har gashin gemunta ana gani. Can gefe, a bakin takarda, ga rabin mutum zaune a tabarma, ga ƙafar jaririya a cinyarsa. Fa'iza ce ta fara magana, wata ma'aikaciyar jinya daga unguwar Madaki mai ido da kuma kaifin baki.

"Baffa, akuyar ta yi kyau wallahi, fokas ɗin ya zauna, ba dishi-dishi. Amma wannan bawan Allah fa? Ko dai ka sa shi ciki, ko ka fitar da shi. Ka raba shi biyu kamar goro."

Aka yi dariya. Baffa ya murmusa ya ce, "Na ji, 'yata. Useko," wato godiya da Fulatanci.

Asabar ta gaba ya kawo randa, da rabin mutumin nan a gefe. Ta gaba ya kawo bishiyar dalbejiya, mutumin na can baya ya juya ƙeya. Gyara ɗaya muke faɗa masa, godiya ɗaya yake yi, kuskure ɗaya yake dawowa da shi. Ni kuwa ba ni da haƙuri da wanda ake gaya wa abu yana gyaɗa kai ba ya yi. Ranar da ya kawo hoton turmi na tsayar da shi bayan kowa ya watse.

Na ce, "Baffa, don Allah turmin kake ɗauka ko mutumin?"

Ya dubi titi. Sannan ya ce, "Yaron nan ba shi da lafiya."

"Wane yaro?"

"Na ɗakin waje. Baban Ummi."

Daga yadda ya kauce wa sunan na gane ɗan fari ne. Ku da kuka taso a gari kuna kiran 'ya'yanku da suna kuna ɗaga su sama, bari in yi muku bayani. A gidaje irin na Baffa, uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya zama hira da shi, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma da ita aka raine su. Shi ma ɗan ba ya duban fuskar uban. Abin da ya ƙara dagula lamarin, Ummi ita ma 'yar fari ce. Da zarar Usmanu ya ji takun mahaifinsa sai ya sauke ta daga cinyarsa ya miƙa wa uwarta, ya sunkuyar da kai. Shi ya sa Baffa yake auna akuya da turmi, yana fatan sata daga gefe.

Da na ji haka sai na yi abin da mai sana'a ke yi, na shiga kawo dabaru. Na ce gobe in zo gidan da kyamarata, minti biyar mun gama.

Ya girgiza kai. "Malam Sa'idu, mai hoto ya shigo gidan majinyaci ba biki ba suna? Kowa ya san abin da ake nufi. Shi ma zai sani. Ba zan gaya masa mun fid da rai ba."

"To kai ka gaya masa. Ka ce ya riƙe ta, ya dube ka. Maganarka ba zai ƙi ba."

"Ba zai ƙi ba," in ji shi. "Bakina ne ba zai faɗa ba. Na tsaya a ƙofar ɗakin sau da yawa da niyyar haka. In na buɗe baki sai in ji ina tambayar ko an ba awaki dusa."

Na ba shi aron wata tsohuwar kyamarata mai jawo nesa. Na koya masa yadda zai zauna a ƙofar ɗakinsa ya jingina gwiwar hannu a gwiwarsa don kada hannu ya yi rawa, yadda zai jira hasken hantsi lokacin da ake fito da Usmanu shan iska, yadda zai danna a hankali ba da ƙarfi ba. Ya koya kuwa. Tsohon nan ya fi yaran duka mai da hankali. Hotunansa suka gyaru, haske ya daidaita, ya daina yanke mutum. Amma a kowanne Usmanu kansa na ƙasa, hannunsa wayam, jaririyar na hannun uwarta. Kuma daga wannan Asabar zuwa waccan, a hoto nake ganin yadda wuyansa ke ƙara sirancewa, rigar na ƙara yi masa yawa. Sauran 'yan zaman suna yaba wa Baffa ya ci gaba, ni kuwa in na wanke hoton sai in rasa abin da ke mini daɗi.

Ranar da nake ba ku labari, damina ta kusa ƙarewa. Baffa ya zo da wuri, daga ni sai Fa'iza, wadda zuwa lokacin na gaya mata halin da ake ciki da izininsa. Bai zauna ba. Ya miƙo mini kyamarar ya ce in wanke na ƙarshe. Ya ce ya dawo daga masallaci ne ya ji dariyar yarinyar, sai ya cire takalmi ya laɓe bayan labulen zaure, kamar ɓarawo a gidansa, ya danna.

Na wanke na ajiye a tebur. Usmanu ya ɗaga Ummi sama da hannu biyu, kansa a ɗage. Yarinyar ta fito, har haƙoranta biyu na ƙasa. Amma shi ya motsa daidai lokacin da aka danna, kuma zauren da duhu. Inda fuskarsa take babu komai sai shafe, kamar an goga yatsa a kan ɗanyen fenti. Ba ido, ba hanci. Wani ɗan fari-fari ne kawai ke nuna yana dariya.

Baffa ya ce, "Ku duba shi yadda kuke duba na kowa."

Fa'iza ta dube ni, na dube ta. Na bi doka. Na ce, "Abin da ya yi kyau, Baffa, ka samu lokacin da kake nema. Yana riƙe da ita, kansa a sama."

"Gyaran fa?"

Na so in ce babu. Amma idona da nasa duk suna kan takarda ɗaya, kuma bai zo wurina don in yi masa ƙarya ba. Na ce, "Fuskar ba ta fito ba. Wanda bai san shi ba ba zai gane shi ba. Gobe ka koma wurin nan da hantsi, ka ɗaga labulen kaɗan haske ya shigo."

Ya ce, "Jiya da yamma aka kwantar da shi. Sun ce a kira 'yan uwa."

Ban taɓa jin sana'ata ta zama banza irin na wannan lokacin ba. Gyarana daidai ne, babu kuskure a ciki ko ɗaya, kuma ba shi da sauran amfani.

Fa'iza ce ta yi ta maza. Ta ce, "Oga, akwai manhajar nan da ke gyara hoton da ya shafe. Bari in gwada." Ta ɗauki hoton ta sa a wayarta, muka jira. Sai ga fuska ta fito tangaran: idanu, gira, haƙora a jere, saurayi lafiyayye. Ta miƙa wa Baffa. Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa. Irin wannan manhajar ba ta dawo da abin da ya ɓace, ƙirƙiro wani take yi ta liƙa a gurbin, kuma na san haka tun kafin ta gama, amma ni ma na sa rai.

Ya mayar mata da wayar. "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Kyakkyawan yaro ne. Amma ɗan wasu ne."

Fa'iza ta fita waje, na ji tana kuka a bayan shagon. Baffa ya ɗauki shafaffen hoton ya tambaye ni ko akwai abin da za a iya yi masa ba tare da an taɓa fuskar ba. Na ce abu ɗaya ne, a wanke shi ƙarami, don shafewa ba ta cika nunawa a ƙaramin hoto ba. Ya ce a yi haka. Na wanke masa daidai tafin hannu, na sa a leda. Duk shawarar da na ba shi a wannan daminar, ita kaɗai ce ta yi aiki.

Usmanu ya rasu a cikin makon. Na je gaisuwa Bagadaza na tarar da Baffa zaune a ƙofar gida, fuskarsa a bushe, yana amsa gaisuwa kamar wanda aka yi wa rasuwar maƙwabci. Ko a nan bai ambaci sunan ba. Da zan tafi ya raka ni bakin hanya, ya dafa aljihun rigarsa inda hoton yake ya ce, "In ta girma zan ce mata shi ne. Za ta yarda, tunda ba ta da wani."

Ban rufe shagon ba, kuma har yau muna zama ranar Asabar. Amma na daina yarda cewa duk kuskuren da ke cikin hoto rashin sani ne. Wani mutumin ya san inda ya kamata ya tsaya sarai, ƙafarsa ce ba za ta kai shi ba, kuma babu darasin da ke cikin kaina da zai matsar da shi. Mu masu wannan sana'a haske muka iya da tsayuwar hannu, iyakarmu ke nan. Ummi yanzu tana gudu a tsakar gida. An ce mini in aka tambaye ta ina babanta, sai ta ɗauko hoton ta ɗora yatsa a inda babu fuska.