Wayar Yaya Sadisu tana hannuna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar nan aka kira ni daga asibiti, Yaya Sadisu ya rasu. Korona ce.



Duk ɗalibin da ya zauna a unguwar Setapak, a nan ƙasar wajen da muke karatu, ya san shi. Injiniya ne, a sashen gwajin sababbin wayoyi na wani kamfani yake aiki. Shi ya ɗauko ni daga filin jirgi ranar da na sauka a ƙasar nan, ya kai ni shagon mamak, irin gidajen abincinsu na bakin hanya, ya ce, "Makan tukuna, wato ci abinci, kukan kewar gida sai ka ƙoshi."

Ya so kamfanin nan kamar gidan ubansa. Ciniki ya ja baya, aka sayar da wani ɓangare, aka rage ma'aikata, shi dai yana nan yana kare su. Ana tsakiyar kullen Korona suka ba da sanarwar sun daina ƙera waya gaba ɗaya. Na riƙa tsokanarsa, "Yaya, masu abu sun yi jana'iza, kai kaɗai ka ƙi tashi daga makoki." Sai ya yi dariya ya ce da salon maganar mutanen nan, "Wayarmu ba ta da laifi lah, manyan ne suka gaji."

Aikinsa ya tafi, amma bai fasa rataya mana abinci a ƙofa ba.

Mutum ɗaya ya ɓoye wa zancen rasa aikin, Inna, mahaifiyarsa da ke Kano. Wayar kamfanin ya aika mata, duk wanda ya shigo gidan sai ta nuna masa, wai ɗanta ne ya haɗa ta da hannunsa. Hawan jini gare ta, ya ce ba zai ɗaga mata hankali ba sai ya samu wani aikin.

Ganina da shi na ƙarshe a bakin get ɗin gidansu ne a unguwar Danau Kota, motar asibiti na jira. Ya goge tsohuwar wayarsa da sanitaiza, ya ajiye a ƙasa, ya ja baya. Ya ce, "Duk Juma'a Inna tana kira in ta idar da asuba. Ka ɗauka, ka ce ina wurin aiki. Kar ta ji shiru."

Na ɗauka, na faɗa. Ta yi ta sa min albarka.

Yau ma Juma'a ce. Wajen azahar ɗinmu, asubar Kano ke nan, wayar ta yi ƙara.

Muka gaisa. Ta ce, "Ɗan nan, ka ce wa Sadisu batirin wayata ya kumbura, ya karɓo min sabo a wurinsu."

Na ce, "Inna, ko Kawun Yaya yana kusa?"

Ta san ba a neman babba da sassafe haka kawai. Can na ji tana salati a hankali, sannan ta ce, "Wa zai yi masa wanka a can?"

Wallahi ko gawarsa ba za a bar mu mu taɓa ba.

Allah Ya jiƙanka Yaya, Ya sa ciwon nan ya zama kaffara, Ya haskaka kabarinka. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a, ya haɗa da Inna. Ta ce kar in kashe wayar, Juma'a mai zuwa ma za ta kira.